Kibiya ta Uku

A Uummannaq, inda teku ke daskarewa
har a taka shi kamar daɓe,
Enok ya ɗaura karnuka biyu kacal a amalanken ƙanƙara,
sauran jigilar kifin jiya ta kayar da su.

Kajoq mai taurin kai ya miƙe arewa,
can ya jiyo ƙarnin ramin kamun kifi.
Siku kuwa gabas ta sa gaba,
'ya'yanta na kuka a gindin dutse.
Igiyoyin suka wage kamar kusurwar ɗaki.
Amalanke bai bi wannan ba, bai bi waccan ba,
ya ratsa tsakani yana gurnani.

Paninnguaq, jikarsa, ta diro.
"Kaka, dakata. Ai wannan ne aikin gidan da aka ba mu."
Ta karɓi bulala, ta juya ƙotarta,
ta durƙusa a kan farin fili.

"A ce Kajoq na ja da niyuton ɗari uku."
Kibiya ta miƙe arewa, taki uku.
"Siku uwa ce, ta fi shi zuciya. Ɗari huɗu."
A tsinin ta farko ta dasa gindin ta biyu,
taki huɗu zuwa gabas.
Sannan ta koma mafari
ta ja ta uku, doguwa, a karkace,
har tsini ya taɓa tsini.

"Uku sau uku, tara. Huɗu sau huɗu, sha shida.
Ashirin da biyar ke nan, saiwarsa biyar.
Ɗari biyar ke jan mu, Kaka, ba ɗari bakwai ba.
Gardama ta cinye ɗari biyu."

"To, ina ta nufa da mu?"

Ta hura wa yatsunta iska, ta latsa na'urar lissafi,
huɗu bisa uku, ta nemo kusurwarsa.
"Digiri hamsin da uku daga arewa.
Ta fi karkata wajen uwa."

Tsoho ya bi layin da ido, ya zarce shi,
can nesa ya hango ƙanƙara ta yi duhu,
wurin da ruwa ke lasar ta daga ƙasa.
Ya yi shiru. Ya share gashin bakinsa.

"Shekara hamsin ƙuguna ke yin wannan lissafi,
ban san yana da suna ba."

Ya kamo Kajoq ta wuya,
ya jera igiyarsa da ta Siku.
"Yanzu fa?"
"Ɗari bakwai cif, Kaka."

Kifi ya kwana a raminsa.
Suka yi gabas,
iska na bin bayansu tana share kiban.