Yatsa Na Shida

Ɗakuna shida na yanka wa farar takarda
da rular da ƙanena ya gutsire wa baki.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
ya zauna kusa da ni kamar mai jiran a zana shi.
Na ce masa, matsa can, ba kai ne jarumin ba.

Jarumin kakana ne, Cindo,
wanda ya ɗauki kwanon kuza a Bukuru
shekara goma sha tara,
ya bar mana hoto guda, shi ma ruwa ya cinye rabinsa.
Abin da ya saura: hula, kunne, kafaɗa.
Sauran sai na ƙaga.

Na ari hancin Kawu Dantala.
Na ari tafiyar wani mai faci a Farin Gada
da ke taka ƙasa kamar yana bin ta bashi.
Na zana, na goge, na sake, na goge,
har takarda ta huje,
na hango tabarma ta tsakiyar goshinsa.

Hannu kuwa, duk mai zane ya sani,
shi ke tona asiri.
Mako biyu ina ɓoye nasa,
yau a aljihu, gobe a bayan kwano,
jibi na sa wani jaki ya gitta.
Ranar da na yi ƙarfin hali na fito da shi fili,
Inna Kyauta ta kai takardar bakin taga,
ta daɗe tana duba, ta ce,
"Wannan baƙo ne.
Ina ɗan yatsan? Ka zaci banza aka ce masa Cindo?"

Ɗigo ɗaya na ƙara, bai kai ƙwayar wake ba,
a gefen ƙaramin yatsa.
Sai ga mutum ya miƙe a cikin tawada.
Inna ta gyara ɗankwalinta.

A shafi na tara rami ya rufta da abokinsa Davou.
Na zana kumfar magana a saman kansa,
babba, mai ɗaukar kuka da rantsuwa,
na tambaye ta me ya ce a ranar.
"Bai ce komai ba.
Ya wanke ƙafa, ya ture tuwo, ya kwanta da takalmi ɗaya."
Na bar kumfar fara fat.
Ita ta fi ba ni wuya, ita da ban rubuta komai a ciki ba.

Akwai wani siririn lungu tsakanin ɗaki da ɗaki,
inda alƙalami ba ya shiga.
A nan na ajiye tarin da yake yi da asuba,
da albashin da ba ya kai ƙarshen wata,
da duk abin da Inna ta fara faɗa ta fasa.
Mai karatu zai tsallake shi cikin ƙiftawar ido.
Ni kwana nake yi a wurin.

A Taminus, Obinna mai fotokwafi ya ƙirga da bakin biro,
ya ce, "Oga, ka yi kuskure, shida ne.
In shafe maka ɗaya? Kyauta."
Na ce bar shi, gado ne.
Kwafi talatin, ƙusa biyu-biyu a tsakiya,
injin ya ci shafi na huɗu sau uku.

Da dare, an ɗauke wuta,
na zo wanke hannu a hasken waya.
Gefen tafina, wajen da ke jan ciki a kan takarda,
ya yi baƙi ƙirin,
daidai kusa da ƙaramin yatsa.
Na riƙe sabulu, na tsaya.
Na ajiye.