Sifana Mai Lamba Goma

A garejin Oga Arzika, bayan tashar Jega,
inda ƙamshin albasa ke kokawa da warin baƙin mai,
aka kawo mana wata jar Fijo mai kabureta biyu.
Ba tobo, ba mai hura mata iska,
da hancinta take shaƙa, kamar ni da kai.

Mai ita, Labbo, ɗan dillalin shinkafa,
ya ce: "Ƙarfi na nan, rowa take yi mini.
In na taka totur, sai ta yi shawara tukuna."

Oga ya goge fuli da gefen rigarsa,
ya ja layin alli siriri kamar zare.
Shekara bakwai ina shan karatun nan:
wuta ba ta jiran fistin ya kai ƙololuwa,
a hanya take tarbarsa,
kamar mai lugude da ke sakin taɓarya
tun ta 'yar'uwarta ba ta gama tashi ba.
In ta makara, ƙarfi ya bi salansa,
inji ya kwana da zazzaɓi.
In ta yi gaggawa, ta daki fistin a goshi
yana tsakiyar hawowa.

Ya sassauta noti, ya dafa distiribita,
ya gusa ta kaurin ƙwayar gero.
Inji ya gyara murya.
Ya ƙara gusawa, murya ta yi zaƙi.
Ya ƙara.

Muka hau hanyar Birnin Kebbi mu uku,
Labbo a sitiyari, Oga a gefe, ni a baya da akwatin kaya.
Giya ta huɗu, ƙafa a ƙasa,
gonaki suna gudu baya kamar an kore su.
A nan na ji ta.
Ƙaramar ƙara ce, can ƙarƙashin ruri,
tsakuwa uku a gwangwanin madara.
Na dubi Oga.
Murmushi yake yi, hannu a waje yana yankan iska.
Shekara arba'in na injuna marasa salansa
sun cinye masa siraran sautuka,
sun bar masa masu kauri.

Magana ta zo mini har haƙori.
In na sake ta yanzu, gaban mai mota,
na daki dattijo a goshi.
In na haɗiye ta, bayan wata guda
fistin zai huje, a ce aikin Arzika ne.
Na riƙe ta, tana ƙona ni, har muka dawo.

Aka kira La'asar, Labbo ya ɗauki buta.
Na sunkuya kamar mai neman wani noti,
na ce: "Oga, man nan na bumburutu ne,
ba zai ɗauki wuta da wuri haka ba."

Bai ce komai ba.
Ya daɗe yana kallon kunnena, ba fuskata ba.
Sannan ya miƙo sifana mai lamba goma,
wadda ko aro ba ya bayarwa.
Na mayar da wuta baya, ƙwayar gero ɗaya,
da rabin wata.
Shi kuwa ya shimfiɗa tafinsa a kan madigadi,
ya rufe ido, yana saurare da fata.
"Nan," ya ce, daidai lokacin da ni ma zan ce nan.

Labbo ya tafi, taya na kuka a kwana.
Muka yi sallarmu a makare kaɗan.
Da dare, ina cire riga,
na ji wani abu a aljihu:
guntun allin nan ne,
ban san sa'ad da ya saka mini ba.