Maɓalli Ɗaya

Daga ƙofata zuwa gidan burodi
matakala ɗari da sittin da biyu ce.
Na san su kamar haƙoran bakina,
har da ta tamanin da bakwai, mai giɓi,
wadda ta ci gwiwata a watan Yuni,
ƙarfe huɗu na asuba, Valparaíso tana minshari,
raɓar teku ta haɗiye fitilar titi,
wayata kuwa ta mutu tun ban gama shayi ba.

Kwana tara ina jinya. Ran na goma
na ɗingisa zuwa kantin Don Nibaldo,
can gangare, inda jiragen ruwa ke sauke kaya.
Ya baje mini su a kan katako kamar kifin safe.

"Ga wannan, Eulalia, haske iri bakwai.
Tana ƙifta ido, tana yin ja, har kuka take yi."
Na ce ai ba biki za ni ba.
Kafin in tsallake shida in kai ga wanda nake so
na riga na isa ƙasa da ka.

Ya jawo wata, gabjejiya kamar taɓarya:
"Da wannan kya hango jirgi a tsakiyar teku."
Ina ruwana da jirgi?
Taku uku nake nema a gabana,
da kashin kare, da ramin makulli.
Abin da ya fi ƙarfin aljihu kuma
a gida yake kwana,
ranar buƙata sai dai a tuna da shi.

Ya yi dariya, ya duƙa, ya yi lalube,
ya fito da wata 'yar baƙa,
tsawonta bai wuce yatsana na tsakiya ba,
ba ado, ba ƙyalli.
Na ce bakin cajinta irin na wayata ne?
Ya ce igiya ɗaya ta ishe su.
In ruwa ya taɓa ta fa?
Ya nuna mini 'yar robar da ke toshe bakin.
In ta faɗi?
Sai ya sake ta a kan siminti.
Ta yi ƙara, ta mirgina har gindin buhun ƙusa,
ya danna, ta buɗe ido.
Maɓallin a lotse yake,
ba zai danna kansa a aljihu ya shanye caji ba.
Danna ɗaya, haske kaɗan. Biyu, mai yawa.
Na uku, sai da safe.

Na sa ta a baki, na riƙe da haƙori,
don hannuwana ba sa rabuwa da kaya.
Ya ce, "Shekara talatin ina nan,
yau na ga wadda ta ɗanɗana tocila kafin ta saya."

Ran Lahadi nake ba ta abincinta,
ita a jikin bango, wake a kan wuta.

Daren da ƙasa ta yi miƙa,
kofuna suka dinga gaisawa a kan kanta,
wuta ta ɗauke daga tudu har bakin ruwa.
Hannuna ya riga tunanina shiga aljihu.
A kan matakala na tarar da tsohuwa Hortensia,
takalmi ɗaya, kyanwa a hammata,
tana kiran sunan mijin da ya rasu tun bara waccan.
Na ce kama kafaɗata.
Muka sauka ina ƙirgawa a fili,
hasken yana gaba da mu kamar ɗan aike mai ladabi,
ba ya nisa, ba ya waiwaye.
A tamanin da shida na tsaya,
na haska mata giɓin,
na ce wannan ce, ɗaga ƙafa sosai.

Yanzu fentin gindinta ya koɗe,
akwai sawun haƙorana a jikinta,
gari ya shige gefen maɓallin, ya ƙi fita.
Matakalar nan har yau ba a gyara ta ba.