Mai Gadin Takalma

Duk washegarin sallah
Baba kan loda mu a tsohuwar fijo,
mu nufi Wamakko, bakin Rima,
Inna rungume da ƙwaryar fura.

Akwai wata gangarar yumɓu a can.
Su Modi kan yi ta watsa mata ruwa har ta yi santsi,
su zauna, su saki jiki,
suuu, tsundum! Sai shewa.
Ni aka bar wa takalma.
In jera su, in ƙirga, in sake ƙirgawa,
in ce kaina ke ciwo.

Baba ya rasu. Fijo ta koma hannun 'yan gwangwan.
Bana, ina da arba'in da uku,
furfura ta fara leƙo gemu,
na koma gangarar nan.
Ɗana Junaidu na tsaye a ruwa iya ƙirji:
"Abba, bar riƙe ciyawa. Saki!"

Na saki.
Laka ta cika min wando,
na sha Rima kurɓi uku,
na taso ina tari, wani masunci na ƙyaƙyata.
Na ce a sake.

Can bisa tudu takalmana na zaune,
ba mai gadi,
ba kuma wanda ya taɓa su.