Tayar Bazara Ɗaya

Metod ya shigo shagona a Tolmin da hantsi,
ruwan daren jiya bai gama bushewa a kwalta ba.
Ya kafe babur, ya tuɓe hular kwano,
kansa fari fat kamar ƙanƙarar kan tsauni.
Ya ce, "Zdenka, duba mini ƙafafun nan."

Na durƙusa, na shafa ta baya da tafin hannu.
Tsakiyarta ta suɗe sumul,
gefenta kuwa zane na nan daram, ko ƙwarzane.
Mutum ya iya ɓoye abin da ke ransa,
tayarsa ce za ta tona.
Na ce, "Miƙaƙƙiyar hanya kake bi, Metod,
ka daɗe ba ka kwanta a kwana ba."
Bai musa ba.

Na mirgino guda uku daga bayan kanta.
Ta farko mai tauri, uwar haƙuri,
kilomita dubu goma sha biyar tana tare da kai,
amma ranar da sama ta zubo
sai ka ji ƙugun babur yana rawar da ba ka kaɗa masa ba.
Ta biyu mai laushi, danna da farce ka gani,
tana kama kwalta kamar kaska a kunnen kare,
sai dai cinyewa take kamar sabulu a ruwa,
dubu shida, an yi sallama.
Ta uku raba-gardama ce,
tauri a tsakiya, laushi a gefe,
kuɗinta ne kawai ke sa mutum tari.

Shekara talatin na san mutumin nan.
Yana da ɗan littafi a aljihun ƙirji
inda yake raba yuro da kilomita,
ko kwabo ba ya kuɓuce masa.
Har na fara tura mai taurin wajen inji.

Ya dafa ta da ƙafa.
Ba littafin ya ciro ba yau,
takarda ce ninki huɗu daga likitan ido a Ljubljana.
Yana ta ci idon dama, tana lallaɓo na hagu.
Ganye na fara zuba, za su karɓe lasisi.
Ya ce, "Me zan yi da dubu goma sha biyar?
Taya ta fi ni tsawon kwana a hanya?
Ba ni mai laushin."

Ban ce komai ba. Me zan ce?
Na shafa sabulu a bakin roba,
inji ya yi ƙara, ta zauna ɗas.
Na liƙa 'yan dalma har ta daina rinjaye,
na ba ta iska daidai awo.
Na ce, "Sabuwa tana da santsi, kilomita ɗari na farko
bi ta a hankali, kamar baƙuwa.
Bari ta ɗumama kafin ka nemi alfarma."
Ya yi dariya, ya biya, bai ko nemi ragi ba.

Duk bazarar labarinsa nake ji a bakin mutane.
An gan shi a Vršič da asuba,
kwana hamsin, hawa da gangara,
har inda aka shimfiɗa duwatsu maimakon kwalta.
An gan shi a gaɓar Soča bayan ruwa,
ya karkata, gwiwa na gaida ƙasa.

Ƙarshen Satumba ya dawo a motar 'yarsa,
tayar baya na kan cinyarsa.
Ya ajiye a kan kanta, ya ce, "Karanta."
Na shafa.
Gefe da gefe ta cinye har leɓe,
robar ta nannaɗe kamar dirzajjen tuwo,
tsakiya kuwa da sauran zane.

Akwai tulin tsofaffi a bayan shago,
mota na zuwa kwasa ranar Talata.
Wannan na buga ƙusa, na rataye ta sama da ƙofa.
Masu saye sukan tambaya ko ta sayarwa ce.