Tunda Cikin a Buɗe Yake

A Matanzas, bayan gada, inda iskar teku
ke lasar ƙarfe har ya yi ja,
muka rataye tsohon inji a reshen mangwaro.
Sarƙa na kuka, baƙin mai na ɗiga.
Shabrole ce, ta haura saba'in,
shuɗiya, ta wangame baki
kamar mai jiran likitan haƙori.

Yoandri, mai motar, ya kasa zama.
Injin dizal na gefe kan katako,
sabo a wurinmu, ko da yake ya ci ƙasa a wata motar.
"Ku jefa shi yau," in ji shi,
"fasinjan Varadero ba sa jira,
bashin injin nan kuma ba ya barci."

Tsoho Nivaldo bai ce uffan ba.
Ya tsallaka, ya tsaya a ramin da inji ya bari,
ƙafafunsa a ƙasa, kansa ƙarƙashin bonet,
ya ce in miƙo fitila.

Wurin nan rana ba ta taɓa gani ba
tun kakan Yoandri yana saurayi.
Ga bututun birki manne da bango,
tsatsa ta ci shi ya zama sirit kamar tsinke.
Ya sa farce kawai, sai ga jiƙa.
Ya nuna wa Yoandri yatsan, bai ƙara ba.

Robar da inji ke zama a kai
ta tsage kamar dundunen manomin rake.
Wayoyi kuwa, rigarsu ta zare ce,
ka taɓa, ta zube gari.
Wani, wata shekara, ya ɗaure ɗaya da igiyar takalmi,
ƙulli mai kyau, na mutum mai niyyar dawowa.
Bai dawo ba.

"Kuloci fa?" na tambaya.
Ya ce, "Cire faifan, ɗana.
Yau noti shida ne tsakaninka da shi.
Ranar da muka mai da inji,
kwana biyu ne da zagi."
Haka robar da ke tare mai a baya:
kuɗinta bai kai na kofi uku ba,
amma in ta yi yoyo
sai an sake hawa mangwaron nan.

Yoandri ya ƙirga kwanaki a yatsu,
ya ƙirga kuɗi, yatsun suka yi yawa.
Ya ce, "Ni inji na kawo."

Sai tsohon ya ɓalle maɓallin riga.
Tabo ne, daga wuya har kan ciki,
fari, mai sawun ɗinki kamar layin dogo.
"Jijiya ɗaya na kai musu a Habana.
Da likitar ta buɗe, ta ga ta biyu tana shirin tafiya.
Da ta ce ba ita aka kawo ba,
da wa zai tsaya maka a ramin nan?"
Ya mai da maɓalli, ya ce in kawo buroshin ƙarfe.

Kwana tara muka yi.
Na kankare tsatsa ƙarƙashin batir har na ga hasken ƙasa,
aka yi walda, aka shafa jan fenti.
Idalmis, matar Yoandri, ta wanke tanki da tsakuwa,
tana girgiza shi kamar mai rarrashin jariri,
laka ta fito, da wani tsohon kwabo.
Muka cika akwatin sitiyari da giris,
muka busa lagireto har ruwa ya fito fari.
Sauri kan haifi nawa, amma nawar ma tana da ciwo:
ranar ta shida ba su ci nama ba.

Da injin ya sauka mazauninsa
ya rufe duk abin da muka yi.
Ba mai ganin bututun, ba mai ganin fentin.
Fasinja zai yabi ƙarar, ya yabi shuɗin.

Igiyar takalmin tana aljihuna.
Ban san dalili ba.