Jaka Biyu, Kuɗin Hayaƙi

Ranar Talata aka tara mu a ofis,
mu goma sha tara, har da mai shara.
Madam Zuwaira kontabul ta raba takardu
tana kallon agogon bango.
Ta ce asusun lafiyar ma'aikata ya zo da sabon sharaɗi:
duk mai shan taba, jaka biyu ƙari
za a zare daga albashinsa ƙarshen wata,
tunda da ƙafarsa yake zuwa sayen ciwo.

Gida biyu ne a takardar, ƙanana kamar ƙwayar wake.
Ɗaya I, ɗaya A'a.

Tankari direba ya soke A'a, ko ƙiftawa babu,
ga garin taba da kanwa kwance a leɓensa.
Ya ce, ni ba sha nake ba, ajiya aka ba ni.
Nomau, da kwali guda ba ya kai shi la'asar,
ya soke A'a, ya jefa kanumfari a baki.

Ni dai na riƙe bik
da yatsun nan biyu da suka rine
kamar lallen da ya kwana arba'in.
Wa zan yi wa ƙarya, hannuna na tsaye yana shaida?

Amma Madam, ina da tambaya, ban yi ta ba.
Shekara goma sha huɗu nake jinyar injin wutarku
a ɗakin da maginin ya manta da taga.
Duk sa'ad da wutar gari ta ɗauke,
kuma kin san Damagaram,
ni ke shiga, ni ke shaƙar gazuwal har asuba.
Bangon ɗakin an shafe shi da farar ƙasa sau uku.
Ƙirjina ko sau ɗaya.
Na juya takardar gaba da baya,
ban ga gidan wannan hayaƙin ba.

Na naɗe ta, na ce sai gobe.

A Garin Malam na iske Barira bakin ƙofa
tana ciniki da mai garuwa, ruwa ya ƙara tsada.
Haulatu ta ɗauko allonta na lakwal, ta ce, Baba, kawo lissafin.
Kara bakwai a yini, dala biyar-biyar.
Ta tara, ta goge da yawu, ta sake tarawa,
ta ɗora jaka biyun Madam sau goma sha biyu.
Jaka tamanin da bakwai.
Ta ce, Baba, rago kake ƙonewa duk shekara,
har da ƙahonsa.
Barira ba ta ce komi ba,
ta dai ajiye tuwon da ƙarfi kaɗan.

Bayan isha'i na hau duwatsun Birni,
dutsen bai gama sakin zafin rana ba.
Na kunna ɗaya don in yi tunanin bari.
Na tuna yayana Mahaman Tukur
da tarin da ya hana unguwa barci wata biyar,
da yadda muka sayar da kekensa na ɗinki
muka kai wa mai kantin magani.
Ba asusu a lokacin, ba takarda,
mu ne asusun.

Da safe na soke I.
Madam ta ɗago ido, karon farko a shekarar nan.
Ta ce, in ka bari wata shida, kawo shaidar likita, a cire.
Cikin mu sha tara, mu biyu kaɗai muka sha taba a duniya:
ni da mai shara.

Yau kwana ashirin da uku.
Daga bakwai na sauko huɗu, jiya biyar, ban ɓoye ba.
Ina tauna aya kamar ɓera, ina faɗa da kowa.
Ɗazu da magariba wuta ta ɗauke,
na tofar da ayar, na ɗauki tocila,
na shiga wurin injin.